Lambobin da Na Rubuta wa Surukina a Masar

Sai da muka sauka Alƙahira na gane cewa Larabcin da na yi shekara tara ina koyar da yara a firamaren garinmu ba shi ake yi a titi ba. Saboda wannan Larabcin kuwa aka zaɓe ni. Da dangin matata suka zauna shawarar wanda zai raka Baba Masar, aka duba aka ga ni kaɗai ne zan iya buɗe baki a gaban likita, har wani kawunta yana cewa ai Malam Sabi'u ko tafsiri aka ce ya yi musu zai yi. Sai ga ni a filin jirgi ina jero wa jami'i magana da wasalinta cif-cif, shi kuma yana kallona yana murmushi kamar ya ga limamin Juma'a ya ɓato hanya. Ya amsa min da wani abu mai sauri, ko kalma uku ban tsinta ba. Nasiru, ƙanin matata, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yaya Malam, ko dai mu nemi tafinta ya fassara maka Larabcin?"

Mu uku ne. Akwai Baba, wato Malam Haladu, mahaifin matata Rabi, wanda ƙodojinsa biyu suka daina aiki. Shekara biyu ana ɗauko shi daga ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa zuwa Kano wankin ƙoda, sau biyu a mako, har jijiyoyin hannunsa suka gaji da allura. Akwai Nasiru, ɗansa, mai shekara ashirin da shida, mai awon hatsi a kasuwar Dawanau, shi zai ba da ƙodarsa ɗaya. Sai ni ɗan jinya. Gonar Baba ta wajen Ungogo, wadda masu gini suka daɗe suna zawarci, ita aka sayar aka yi tafiyar. Babu wata gonar da za a sake sayarwa, kuma Nasiru ba zai iya bayarwa sau biyu ba. Wannan kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ni kuwa wani tsoro daban nake ɗauke da shi tun daga gida, wanda in na faɗa dariya za a yi min. Shekara goma sha ɗaya da aurena da Rabi, ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban Baba ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa, idona a kan tabarma. Gaisuwa ce, sai tambayar damina, sai in tashi. In na hango shi a hanyar gona nakan ratse ta cikin dawa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce min. Wallahi har muka hau jirgi ban san yana da tabo a gefen ido ba. To mutumin da zan yi wata biyu ina jinya ke nan.

Dillalin da aka haɗa mu da shi tun daga Kano yana jiranmu a waje. Bahaushe ne, ya daɗe a can. Da ya ce mana sannu da hanya sai na ji kamar in rungume shi. Ya yi mana alkawarin ɗaki a ƙasa, kusa da asibiti, wai ko da ƙafa ma ana zuwa. Mota ta yi ta tafiya da mu har na daina ganin sararin sama saboda gine-gine, ta sauke mu a wani lungu, ƙofar wani dogon bene. Hawa na huɗu ne namu, kuma matakala kawai ake bi.

"Gobe-gobe za a sauya muku," in ji shi. A tsaye ya cike takardun asibiti a kan bayan mota. Da ya zo kaina ya ce, "Kai meye haɗinka da shi?"

Na ce surukina ne.

Ya ce, "A'a, ɗa zan rubuta. Su nan ba sa son dogon bayani."

Haka ya rubuta. Washegari ya kai mu asibiti ya nuna mana ƙofa, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Wani tsoho mai gadin benen ne ya ga mun tsaya cirko-cirko muna kallon matakala, Baba yana haki tun ba a fara hawa ba. Ya shiga ɗakinsa ya fito da kujerar katako, ya nuna wa Baba ya zauna. Ni da Nasiru muka kama gaba, shi ya kama baya, muna hutawa a kowane hawa. Da na sa hannu a aljihu sai ya ɓata rai ya ture hannuna. Har muka bar ƙasar nan kujerar ba ta sake komawa ɗakinsa ba, a gindin matakala take jiranmu.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo. Baba a ɗaki, mu a falo kan katifa. Ƙofar banɗaki kuma a falon take, daidai inda nake sa kai. Muddin Nasiru yana nan ban sha wahala ba, shi ke shiga wajen Baba, shi ke kai abinci da magani. Nawa cefane ne da neman mota da kokawa da Larabcin mutane. Abincina a baranda nake ci. Daga barandar nan ba ka hango ko ganye ɗaya, sai shanyar mutane da hayaƙin motoci. A gida kuwa lokacin ne ake kai taki gona, jakuna na ta zirga-zirga da mangala. Nakan tsaya da kwanon wake a hannu ina tunanin wa zai kai nawa takin, har abincin ya huce.

Mako uku aka yi ana gwaje-gwaje. A mako na biyu ne muna zaune a benci, Nasiru na tsokanata kan yadda na sayo mana gishiri a maimakon sukari, sai muka ji an ce a bayanmu, "Sannunku, mutanen Kano ne?" Muka waiwaya a tare. Wata nas ce doguwa, baƙa kamarmu, za ta yi shekara hamsin. Sista Hawwa sunanta, 'yar Sudan ce. Ta ce kakarta daga ƙasar Kano ta fito da ƙafa za ta hajji, ta zauna a hanya ba ta ƙarasa ba, ba ta koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana magana sai ka ji kamar kakarka ce ta sa farar riga. Ita ke kula da ɓangaren masu dashen ƙoda, kuma ba ta da wasa ko kaɗan. Na taɓa ganin ta mayar da wani likita ya koma ya wanke hannu. Da yake takarda ta ce ni ɗa ne, kuma tana jin ina cewa Baba, sai ta sa min suna Ɗan Baba.

Ranar aiki ba na son tuna ta. Aka tura su a gadaje biyu, ɗaya na bin ɗaya, uba da ɗa. Nasiru ya ɗago hannu ya ce, "Yaya Malam, in ban fito ba na bar maka buhunan da babu komai a ciki." Na yi dariya, ƙofa na rufewa na nemi benci na zauna. Awa shida ina zaune ina jan carbi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Rabi in aka fito min da mutum ɗaya. Wajen la'asar Sista Hawwa ta fito ta ja ni zuwa wata taga ta gilashi. Baba na kwance da robobi ko'ina. Ta nuna min wata leda da ke rataye a gefen gado, tana cika da ruwa ɗorawa-ɗorawa.

Ta ce, "Ka ga wannan? Shekara biyu bai yi ba. Ƙodar ƙaninka ta kama aiki tun a kan tebur."

Na yi hamdala, amma na kau da kai da sauri. Fitsarin surukina ne fa.

Kwana tara Baba ya yi a ɗakin gilashin nan, nas-nas ne ke yin komai. Kowace awa sai wata ta shiga da takunkumi da safar hannu, ta duba ledar, ta rubuta, ta auna zafin jiki, ta ƙirga masa magani a tafin hannu ta tsaya har ya haɗiye. Ni daga bayan gilashi nake gaisuwa, kuma gaskiya hakan ya yi min daidai. Har na fara cewa a raina ashe jinyar ba wuya.

Saura kwana biyu Babbar Sallah aka sallami Baba. Nasiru kuwa ɗinkinsa ya yi ruwa, aka ce sai ya ƙara kwana goma. Nan na fara shan jinin jikina. Sista Hawwa ta zaunar da ni, ta ajiye abu uku a gabana: babban kofin roba mai layi-layi da lambobi, da takarda mai gida-gida, da biro.

"Ɗan Baba, buɗe kunnenka. Ƙodar nan baƙuwa ce a jikinsa. Magungunan da muke ba shi lallashin jikin suke yi kada ya kore ta. In jikin ya fara faɗa da ita, fitsari ne zai fara gaya maka. Duk abin da ya sha ka rubuta a wannan gidan. Duk fitsarin da zai yi, a kofin nan zai yi, ka duba layi da idonka, ka rubuta a wancan gidan, sannan a zubar. Shi idonsa ba ya ganin layin. Ya sha ruwa sosai, manyan gora biyu ko fi. In ka ga fitsari ya ragu, ko zazzaɓi, ko ƙafa ta kumbura, ko takalmi ba ka sa ba ku taho. Wajen gwajin jini na masu zuwa daga gida zai rufe kwana biyar saboda Sallah, to takardar nan ce idona. Kullum da la'asar ka kira ni ka karanta min. Ka gane?"

Na ce na gane. Na gane ɗin kuwa, shi ya sa gumi ya karyo min. Magana ɗaya ce zan faɗa, in ce Sista, surukina ne. Amma Baba na zaune a keken marasa lafiya a gefenmu, yana kallon ƙasa, ni ma ina kallon ƙasa. Yaya zan ce a gabansa ba zan iya ba, alhali don haka aka turo ni? Na naɗe takarda na sa a aljihu.

Da muka koma gida na ajiye kofin a bakin banɗaki, na tsaya a ƙofar ɗaki daga waje. Na ce, "Baba, ga wani abu nan da suka bayar, wai in za a zaga."

Ya ce, "To, Malam. Allah ya yi albarka."

Da na ji motsinsa zai fito sai na tsere baranda na ja ƙofa, don ko ƙarar ruwa ba na so in ji. Da na dawo na tarar da kofin a wanke tas, an kife shi. To me kake jira? Dattijo kamar Malam Haladu ya bar najasa a kofi don mijin 'yarsa ya zo ya leƙa? Sau huɗu aka yi haka a ranar. La'asar ta yi, takarda fayau. Na ɗauko takardar sallama ta asibiti, na ga ranar ƙarshe a gidan fitsari an rubuta dubu biyu da ɗari bakwai. Na rubuta dubu biyu da ɗari shida, na kira Sista na karanta mata. Na ce wa kaina yau ce kawai, gobe zan yi masa magana.

Gobe ta zo. Na kai koko bakin ƙofa, na durƙusa, na yi gyaran murya.

"Baba, jikin dai, komai na tafiya daidai?"

"Alhamdulillahi."

"Ba wata matsala ta wajen, ta wajen ruwa?"

"Babu, Malam."

Shi ke nan maganar da na kwana ina shiryawa. Gorunan ruwa kuwa ina ajiye su a bakin ƙofa a cike, in tarar da su a waje babu komai, sai in rubuta an sha. Ƙaryar ma sai da na yi mata kwalliya, yau in ƙara ɗari, gobe in rage hamsin, don kada ta yi kama da ƙarya. Ni malamin da ke dukan tebur in yaro ya kwafi aikin wani.

Ranar Sallah waya ta yi ta shigowa daga gida. Ina jin hayaniyar yara da kukan raguna, Rabi na gaya min an yi ruwa mai kyau, an shuka min gonar bayan gida. Sai ta rage murya ta ce, "An ce fitsarin ne abin dubawa. Yana yi dai ko?" Na ce yana yi. Tsoho mai gadi ya hawo da kwanon nama da shinkafa, ya dafa kafaɗata ya yi min barka da Sallah. Na kai wa Baba nasa, aka dawo da kwanon kamar yadda ya shiga. A ranar ne na lura sau biyu kacal na gudu baranda. Na zauna da biro a hannu. Na san abin da Sista ta ce. Na kuma san in na faɗi gaskiya yau, sai na faɗi ta jiya da ta shekaranjiya. Na rubuta dubu biyu da ɗari biyar da hamsin.

Da na karanta wa Sista sai ta ce, "Madalla. Ku ci naman Sallah da kwanciyar hankali."

Kashegari Nasiru ya kira daga gadon asibiti. "Yaya Malam, ya ajiyata? Ka kula min da ita fa, sabuwa ce fil, ba ta taɓa ciwo ba." Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Ranar nan sau ɗaya Baba ya fito. Na je bakin ƙofarsa ya fi sau goma, in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, in sauke. Ina jin tarinsa daga ciki sai in ce ai ga shi nan lafiya.

Rana ta biyar na dawo daga sayen burodi, rana ta fito sosai, ban ga alamar ya yi alwala ba. Na yi sallama, shiru. Na sake, sai na ji nishi. Na tura ƙofar, karo na farko ke nan da na taka ɗakin. Yana zaune a bakin gado, jikinsa na karkarwa, yana ƙoƙarin cusa ƙafa a takalmi ta ƙi shiga. Ƙafafun sun yi suntum kamar an hura su, fuskar ma ta kumbura har idanun sun shige. Hannunsa ɗaya na dafe da mararsa, wajen ɗinkin.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Fitsarin fa?"

Kalmar da na yi kwana biyar ina kewayewa, ga ta ta fito da kanta, kuma ba abin da ya faɗo daga sama.

Ya ce, "Tun jiya da azahar ban yi ba."

Ban jira kujera ba. Na juya na goya shi, na sauko da shi hawa huɗu, zafin jikinsa na ratsa rigata, numfashinsa a wuyana. Tsoho mai gadi ya fita tsakiyar titi ya tare mota da jikinsa. A cikin motar na kira Sista Hawwa, na ce mata Baba ba lafiya, iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Da kayan Sallarta ta zo, ta ɗora farar riga a kai. Ta danna yatsa a ƙwaurin Baba, ta ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Aka ɗebi jini, aka sa masa robar fitsari, abin da ya sauko bai rufe gindin leda ba. Ta fito da ni baranda ta miƙo hannu, na ba ta takardar. Ta daɗe tana kallo.

"Jiya dubu biyu da ɗari biyar. Wa ya auna?"

Na yi shiru.

"Shekaranjiya fa?"

Ta dube ni, ta leƙa ta dubi Baba, ta sake dubana.

"Kai ɗansa ne kuwa?"

Na ce, "Mijin 'yarsa ne."

Sai ta nemi benci ta zauna. Ta ce, "Innalillahi. Suruki. Kakata har ta mutu ba ta taɓa shan ruwa a gaban babana ba. Ai da ka gaya min, da na turo muku nas namiji kullum, ko in zo da kaina." Sannan muryarta ta canja. "Kunyar ban ga laifinka ba, a cikinta aka haife ka. Amma wa ya sa ka rubuta? Da ka bar gidan nan fanko, da tun ranar farko ina ƙofarku. Ka rufe min ido kwana biyar, ina ce maka madalla."

Ban taɓa jin ina so ƙasa ta tsage in shige ba kamar lokacin. Likita ya zo, aka tsinko ɗan nama daga ƙodar da wata doguwar allura aka kai gwaji. Sista ce ta fassara min sakamakon, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Jikin Baba ya fara ƙin ƙodar, ga shi kuma ta sha ƙishirwa. Za a yi masa allura mai ƙarfi ta jijiya kwana uku. In ta farfaɗo, to. In ba ta farfaɗo ba, Baba zai koma wankin ƙoda, ta Nasiru kuma ta tafi a banza.

Ta miƙo min takunkumi da safar hannu. "Shiga. Kowace awa ka durƙusa ka karanta layin ledar nan, ka gaya min, ni ma in duba. Ba horo nake maka ba. Kano za ku koma, kuma ba ni a can."

Awa ta farko fitsarin a layin goma ya tsaya. Ta biyu goma sha biyar. Ta uku goma. Ban san ana iya jin tsoron leda ba sai ranar. Ina durƙushe a gindin gado ina bin robar da ido, in ga ɗigo ya taru, ya yi kamar zai sauko, ya tsaya. Sista ta koya min yadda ake juye ledar ba tare da bakin ya taɓa kofi ba, da yadda ake gyara robar kada ta lanƙwashe, da yadda ake goge masa baki da jiƙaƙƙen auduga. In na kuskure, ta ce in sake. Duk sanda ta shigo sai in dubi fuskarta ina neman labari, ita kuwa fuskar ba ta ba da komai.

Rana ta biyu da yamma, ina juye ledar, sai na ji Baba ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Ruwan nan da kake ajiyewa, ban sha ba. Alwala nake yi da shi, sauran in tuttular ta taga. In na sha, sai in yi ta wucewa ta kanka kana kwance, kana tashi kana fita saboda ni. Na ga abin ya yi yawa." Ya numfasa. "Kuma shekara biyu ana hana ni ruwa, sai da na koyi jin tsoronsa. In Nasiru ya tambaya, ka ce ni ne."

Na ɗago na dube shi, ido cikin ido, da kofin a hannuna. Na ce, "Baba, ni na rubuta."

Rana ta uku da hantsi layin ya kai arba'in. Na ɗauka idona ne, na kira Sista. Awa ta gaba saba'in, ta gaba ɗari da goma. Ta duba, ta rubuta, sannan ta ce, "Je ka ci abinci, Ɗan Baba, ka fara kama da mara lafiya." A bayan ƙofa na tsaya na yi kuka sosai, wata mai shara ta miƙo min ruwa a kofi.

Amma murnar ba cikakkiya ba ce. Bayan mako guda likita ya ce ƙodar ta dawo, sai dai ta dawo da tabo. Ba za ta yi aikin da aka sa rai ba, kuma shekarun da za ta ɗauki Baba sun ragu, Allah kaɗai ya san da nawa. Na tambayi Sista ko da an zo ranar farko da haka ta faru. Ta ce, "Kana so in ce maka a'a ko kana so in yi shiru?" Ban sake tambaya ba.

Saura Nasiru. An gaya masa Baba ya dawo asibiti da zazzaɓi, iyakar abin da ya sani ke nan. Na same shi zaune a gado yana ɓare lemo. Yana ganina ya ce, "A'a, babban likita. An ce yanzu har safar hannu kake sawa, Yaya Rabi ta yi miji." Na ja kujera na zauna na gaya masa komai, tun daga kofin da aka kife har lambar da nake ƙarawa ina ragewa, har ranar da ya kira yana tambayar ajiyarsa. Ban sa Baba a ciki ba. Ya ajiye lemon. Ya ɗora hannu a gefen cikinsa, kan bandejin, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Da ka kira ni. Ko da rarrafe ne zan hau benen nan in riƙe kofin. Ubana ne." Can ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya juya ya fuskanci bango.

Yau shekara ɗaya da 'yan watanni da dawowarmu. Kullum da safe kafin in wuce makaranta nakan tsaya gidan Baba, in shige har ɗakinsa, in duba kofi, in danna ƙwaurinsa, in ƙirga masa magani. Mutanen gari na cewa Malam Sabi'u ya je Masar ya baro kunyarsa a can, ina ji ba na tankawa. Duk wata uku nake kai shi Kano gwajin jini, kuma duk zuwa sakamakon na ɗan matsawa inda ba a so. Duk ranar da zan karɓi takardar nan ba na iya karyawa.

Nasiru ya koma Dawanau, sai dai ya daina ɗaga buhu. Bai gaya wa kowa ba. In mun haɗu yakan rage tsawo ya ce, "Ina kwana, Malam," ya tambayi iyali, ya wuce. Tun daga ranar nan bai sake tsokanata ba, ko sau ɗaya. Kwanaki Rabi take ce min ƙaninta ya yi hankali tun da aka yi masa aikin nan, ya san girman mutane. Na ce mata haka ne.